Kamelina, Tsiron Mai na Ƙasashen Sanyi

A shirinmu na yau za mu ɗauke ku daga gonakin da kuka saba da su, mu kai ku ƙasashen sanyi, domin mu yi bayani a kan wani tsiro da ake kira kamelina, wanda masana ilmin tsirrai ke rubuta sunansa Camelina sativa, tsiron da mutanen Turai suka yi dubban shekaru suna matsar mai daga ƙwayarsa, sa'an nan suka juya masa baya har ya kusa ɓata, kana a zamanin nan namu hankali ya sake komowa kansa. Tun da fari wajibi ne in kau da wata shubuha: ba itacen malaina nake nufi ba, wanda ake dasawa a gandun daji da gefen hanya don katako. Kamelina shuka ce ta shekara guda, galibi tsawonta ba ya wuce ƙugun mutum, kuma tsakanin ranar shuka ta da ranar girbe ta kwana 85 ne zuwa 100.

Abin da nake fatan ya zauna a zukatanku kafin mu rabu shi ne, duk wani hukunci da ya shafi noman kamelina, tun daga gyaran ƙasa har zuwa ɗaure bakin buhu, daga asali guda yake fitowa, watau ƙanƙantar ƙwayarta. Idan aka ƙirga ƙwaya dubu aka ɗora a ma'auni, nauyinsu giram ɗaya ne ko da ɗan ɗoriya, alhali kuwa ƙwayar riɗi dubu, wadda mu muke yi wa kallon ƙarama, tana kai giram 3. Wanda ya fahimci wannan ya riga ya mallaki rabin ilmin. Wanda kuwa ya gafala da shi, ko da ya ba gonar taki da ruwa gwargwadon iko, abin da zai girba ciyawa ce.

Bari mu fara da siffarta, yadda mutum zai shaida ta in ya gan ta. Kamelina 'yar dangin kabeji ce da hardal da kanola, wani tsiron mai, kuma a cikin wannan dangi akwai wanda ba baƙonku ba ne, watau lansir da ake nomawa a lambunanmu da sanyi. Alamar dangin nan duka ɗaya ce: fure ɗan ƙarami mai kunne huɗu, biyu na fuskantar biyu. Na kamelina rawaya ne mai haske, ba mai kauri ba, kuma yana fitowa a jere a saman rassa, na ƙasa su riga buɗewa, na sama su biyo baya, har ka iske reshe guda yana ɗauke da 'ya'ya a gindi alhali kansa bai gama fure ba. Da ta tsiro, ganyenta na fari shimfiɗuwa yake yi a ƙasa a zagaye, sa'an nan daga tsakiyarsa kara guda ya miƙe, ya yi rassa daga sama, tsawonsa daga santimita 30 har zuwa mita guda ko fiye kaɗan, gwargwadon ni'imar ƙasa. Ganyen da ke jikin karan siriri ne mai tsini, tsawonsa santimita 5 zuwa 8, kuma abin lura a nan shi ne ba shi da mariƙi: gindinsa ne ke rungumar karan da wasu 'yan kunnuwa biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can. Amma hujja yankakkiya, wadda ba ta barin kokwanto, ita ce kwanson. Kanola da hardal dogon kwanso siriri suke yi. Ita kuwa kamelina nata gajere ne, bai kai santimita guda ba, kumburarre daga sama, tsukakke wajen gindi, da ɗan tsinke a tsaye a kansa. In ya nuna ka murje shi a tafin hannu, sai ya rabe biyu, ya bar wani farin tantani siriri a tsakiya, ƙwayoyi kamar 10 zuwa 15 su zubo, launinsu tsakanin rawaya da ja, dogaye-dogaye, kowace da ɗan tsagi a jiki. Ka ɗiga musu ruwa ka dakata kaɗan, za ka ga kowace ƙwaya ta lulluɓe kanta da yauƙi. Ku riƙe zancen yauƙin nan, gama za mu bukace shi idan muka zo kan ajiya.

Tarihinta kuwa yana da ban mamaki, kuma ina ganin ya cancanci mu ɗan zauna a kansa. Asalinta gabashin Turai ne da yammacin Asiya, kuma a ra'ayin masana da yawa ba da niyya ɗan Adam ya fara noma ta ba. Ciyawa ce da ta riƙa kutsawa cikin gonakin kattani, tsiron da ake saƙa yadin lilin da zarensa. Manomi ya girbe kattaninsa ya sheƙe, ƙwayoyin ciyawar da suka fi ƙanƙanta iska ta kwashe, waɗanda suka ɗan fi nauyi kuwa su faɗa cikin iri, a sake shuka su baɗi ba da sani ba. A haka, shekara bayan shekara, sheƙa ta yi ta zaɓen manyan ƙwayoyi, har ranar da wani ya matsa ya ga mai ya fito, ya ware mata gona tata. Masanin tsirran nan na Rasha, Nikolai Vavilov, ya yi bayani mai gamsarwa a kan irin waɗannan amfanin gona da suka shigo hannun mutum ta ƙofar ciyawa, kuma ana lissafa kamelina a cikinsu. Har yau 'yan'uwanta na daji suna nan a gefen gonakin alkama na Turai da Amurka, ana gane su da ƙanƙantar kwanso da yawan gashi a jikin kara.

Shaida mafi ƙarfi a kan daɗewarta a cikin abincin mutane ta fito ne daga ƙasar Denmak. A shekarar 1950, wasu masu haƙar tsohuwar laka ta fadama, wadda suke busarwa su yi makamashi da ita, suka tono gawar wani mutum a wurin da ake kira Tollund, gawar da tsamin lakar ya hana ta ruɓewa, har waɗanda suka gan ta suka zaci kisa ne na kwanan nan, suka kira 'yan sanda. Da malamai suka yi bincike, sai ta tabbata mutumin ya yi wajen shekara 2,400 a kwance a wurin, kuma da suka duba abin da ya ci na ƙarshe, suka tarar da fate na sha'ir da ƙwayar kattani da 'ya'yan ciyayi iri-iri, a cikinsu har da kamelina. Daga wancan zamani har zuwa farkon ƙarni na 20 ba ta gushe ba ana noma ta a Jamus da Faransa da Polan da Rasha, talaka yana cin manta, yana kunna fitila da shi, yana ba dabbobinsa tunkuzar, busasshen karan kuma a ɗaure a yi tsintsiya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne kakan kanola, wanda ya fi ta yawan amfani a ƙasa mai taki, kuma masana'antu suka fi jin daɗin sarrafa mansa, ya ture ta daga gonaki, ba ta wanzu ba sai a 'yan wurare. Ɗaya daga cikinsu shi ne yammacin Polan, inda mutane ba su daina zuba manta a kan dankali da kifi ba, har a shekarar 2009 Tarayyar Turai ta yi wa man nan rajista a cikin abincin gargajiya da doka ke kare sunansu.

To, yanzu sai mas'alar shuka, wadda ita ce zuciyar al'amarin. Kamelina ba ta da tsada wajen zaɓen ƙasa: tana yi a jigawa, tana yi a ƙasa mai tsakuwa, tana yi a gonar da ta gaji, kuma manoman jihar Montana ta Amurka suna noma ta ba ban ruwa a wuraren da ruwan shekara bai wuce milimita 400 ba. Abin da ba ta jurewa shi ne ƙasa mai laka wadda ruwa ke kwanciya a kanta, da wadda ke yin ɓawo mai tauri in rana ta buge ta bayan ruwa, domin ɗan tsiron da ya fito daga irin wannan ƙwaya ba shi da ƙarfin da zai fasa rufi. Saboda wannan dalili ne kuma ba a binne ta da zurfi. Guzurin da Allah ya ajiye wa tsiro a cikin ƙwaya, wanda da shi zai rayu kafin ganyensa ya ga rana, a nan ɗan kaɗan ne ƙwarai. In aka tura ta ƙasa fiye da santimita guda, guzurin zai ƙare tun tana hanya, ta mutu a cikin duhu, manomi kuwa ya zauna yana zargin mai sayar da iri. Sharaɗi dai shi ne ƙasa ta yi laushi a sama, ta yi dankam a ƙasa, da danshi kusa da fuska, a ajiye irin a zurfin da bai wuce rabin santimita zuwa guda ba, sa'an nan a bi da wani abu mai nauyi a danne, don ƙwaya ta manne da ƙasa ta sha danshi. Masu injin shuka suna yin layi-layi da tazarar santimita 15 zuwa 20. Masu watsawa da hannu kuwa sukan cuɗa irin da yashi busasshe don ya bazu daidai, kada wani gefe ya cushe wani ya zama fili.

Ga wani ɗan lissafi da zai nuna muku hikimar adadin iri. Ana shuka kilo 4 zuwa 6 a hekta guda. Kilo ɗaya yana ɗauke da ƙwaya kusan miliyan, saboda haka kilo 5 a hekta yana nufin ƙwaya wajen 450 a kan kowane murabba'in mita. Mai sauraro zai ce wannan ai israfi ne. Ba israfi ba ne, domin bisa al'ada kusan rabinsu ba za su kai ga zama tsiro ba: wasu sun nutse, wasu sun tsaya a sarari sun bushe, wasu tsuntsu da kiyashi sun kwashe. Abin da ake nema ya tsaya shi ne tsiro kamar 200, kuma ana neman wannan cunkoso ne da gangan, saboda shi ne makamin manomi a kan ciyawa.

A nan ne nake so masu sauraro su ƙara kasa kunne. Maganin ciyawa da aka yarda a fesa wa kamelina kaɗan ne ainun, kuma mafi yawansa na kashe ciyawa mai siririn ganye ne. Ciyawa mai faɗin ganye kuwa, in ta riga ta tashi, babu wata dabara mai sauƙi da za a raba ta da amfanin. Don haka yaƙin tun kafin shuka ake cin sa. Manomin kirki yana zaɓen gonar da ya san tsabtarta, kuma yana sammako, watau da zarar ƙanƙarar hunturun ƙasashen sanyi ta narke, cikin watan Maris ko Afrilu, tun ƙasa na da sanyin da sauran ciyayi ba su farka ba, sai ya shuka. Kamelina kuwa Allah ya hore mata jure sanyi: tana tsirowa a ƙasar da ta kusa daskarewa, ɗan tsironta kuma yana kwana cikin raɓar da ta zama ƙanƙara ya wayi gari lafiya. Kafin ciyawa ta buɗe ido, ganyen nan da ke shimfiɗe ya riga ya rufe ƙasa ya tare mata rana. Wanda ya yi jinkiri hasararsa biyu ce, ciyawa ta riga shi, furen kuma ya faɗa cikin zafin rani, alhali zafi mai tsanani a lokacin fure yana zubar da shi ya rage mai a cikin ƙwaya. Akwai kuma wani tarko ɓoyayye: wasu magungunan ciyawa da ake fesa wa alkama suna daɗewa a cikin ƙasa shekara guda ko fiye, kuma ɗan abin da ya saura ya isa ya ƙone kamelina tun tana jaririya. Lalle ne mutum ya san abin da aka zuba wa gonar bara da bara waccan kafin ya ba ta amanar irinsa.

Game da taki, matsakaici ya wadatar. Tana amsa takin naitirojin, irin su yuriya, tana kuma son farar wuta kamar sauran danginta, amma bukatarta ba ta kai ta kanola ba, kuma in aka wuce kima sai ta yi tsawo marar amfani, iska ta kwantar da ita. Ƙwari ba su cika damunta ba. Ɗan ƙwaron nan mai tsalle da ke huda ganyen kanola har ya hallaka gona, ita kam yakan ɗanɗana ya wuce. Cututtukanta galibi na danshi ne: farar ƙura da ke fitowa a ganye da kan reshe har ya murɗe, da ruɓewar kara, da kumburin saiwa a gonar da cutar ta riga ta zauna. Rigakafinsu guda ne, kada a maimaita ta, ko wani ɗan danginta, a gona ɗaya sai bayan shekara 3 ko 4, kuma kada a ɗebi iri daga gonar da ta kamu. Furenta yana barar kansa da kansa, ba ya jiran ƙudan zuma, ko da yake zuma na zuwa ta sha.

Wasu manoman Faransa da Jamus ba sa ware mata gona, sai su haɗa ta da adas ko wake mai rauni, karanta ya zame masa madogara kada ya kwanta, a girbe su tare, a raba da rariya, abin da bambancin girman ƙwaya ya sauƙaƙa. A jihar Minesota ta Amurka kuma akwai nau'in da ake shukawa cikin watan Satumba, ya kwana hunturu a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ya riƙe ƙasa kada ta zaizaye. In sanyi ya wuce a shuka waken suya a tsakanin layukansa, a yanke kamelinar ta saman waken wajen ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, gona guda ta ba da amfani biyu a shekara.

Idan kwanso ya juya daga kore zuwa ruwan zinariya, ganye ya kakkaɓe, ka girgiza reshe ka ji ƙwaya na motsi a ciki, girbi ya yi. Ba ta saurin fashewa kamar kanola, amma wannan ba izinin sakaci ba ne, gama iska mai ƙarfi ko ruwa a kan busasshiyar gona yana zubar da rabo mai yawa. A nan ma ƙanƙantar nan ce ke mulki. Manoman Montana da na lardin Saskacewan a Kanada, kafin su shiga gona, sukan zagaya injin girbi da motar ɗauka suna liƙe kowace kafa da kowane tsagi, saboda ƙwayar tana tsiyaya ta ramin da alkama ba za ta taɓa bi ba, mutum ya isa rumbu ya tarar ya yi wa hanya shuka. Sukan kuma rage ƙarfin iskar da ke sheƙa a cikin injin, don kada ta fitar da ƙwaya tare da ƙaiƙayi. Wanda ke aiki da hannu sai ya yanka da sassafe, ya tara a kan shimfiɗa marar huda, ya bubbuga, ya tace da rariya mai ƙananan idanu. Hekta guda takan ba da tan 1 zuwa 2 a hannun wanda ya iya. Kada a zuba a buhu ko rumbu sai danshin ƙwaya ya sauko zuwa kashi 8 cikin 100, kuma kada ruwa ya kusance ta ko kaɗan, domin yauƙin nan da muka ambata zai ɗaure ta ta zama dunƙule, ta yi zafi, ta yi fumfuna, wahalar wata uku ta tafi a banza.

Me ake samu bayan duk wannan? Kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na nauyin ƙwayar mai ne, wani lokaci ma fiye, kuma kimanin sulusin man nan irin kitsen da likitoci ke kira omega-3 ne, wanda jiki ke bukata amma ba ya iya ƙera shi da kansa. Mai irin wannan bisa ɗabi'a saurin lalacewa gare shi, sai dai na kamelina yana tare da bitamin E mai yawa da ke jinkirta ɓacinsa. Duk da haka a kwalba mai duhu ake ajiye shi, nesa da rana, kuma ya fi fa'ida a zuba shi a kan abinci da a yi ta suya da shi. Tunkuzar tana da furotin fiye da sulusi, amma tana ɗauke da sinadarin nan mai yaji na dangin hardal, wanda yawansa ke cutar da dabba, shi ya sa hukumomin Amurka suka iyakance ta ga kashi 10 cikin 100 na abincin kaji da shanun yanka.

Abin da ya dawo da sunanta bakin duniya kuwa jirgin sama ne. A watan Janairu na 2009 kamfanin jiragen Japan Airlines ya tashi jirgi ƙirar Boeing 747 wanda ɗaya daga injinansa ke shan man da rabinsa na tsirrai ne, mafi yawansa kamelina. A watan Afrilu na 2010 rundunar ruwan Amurka ta gwada rabi da rabi a jirgin yaƙinta. A Ingila kuma, masanan cibiyar binciken noma ta Rothamsted sun sauya halittarta har ta riƙa yin irin man da ake samu a jikin kifi, suka fara gwada ta a fili a 2014. Amma ina gargaɗin mai sauraro kada ƙyallin waɗannan labarai ya ruɗe shi. Manoman Montana sun rungume ta da zafi wajen shekarar 2007, bayan 'yan shekaru kaɗan kuma gonakin suka ragu ƙwarai, ba don tsiron ya gaza ba, sai don kasuwar ba ta tsaya da ƙafarta ba, kuɗin alkama kuma ya fi. A ganina, wanda zai shuka abin da ba a auna shi a kasuwar garinsu, wajibi ne ya san mai saye da mai matsa tun iri bai bar hannunsa ba.

Tambayar da na san tana ranku ita ce, shin za ta yi a ƙasarmu? Daminarmu dai ba lokacinta ba ne, gama zafi da yawan danshi su ne abubuwa biyu da ta fi ƙi, kuma muna da gyaɗa da riɗi da waken suya waɗanda suka san ƙasar, kasuwa kuma ta san su. In akwai wata kafa, to, cikin hunturu take, a filayen ban ruwa irin na Kadawa da Haɗeja da Bakolori inda ake noman alkama, a shuka cikin watan Nuwamba don fure ya gama kafin zafin Maris ya sauko. Wannan kuwa aiki ne na cibiyoyin bincike da malaman gona, su fara da 'yan komaye kaɗan, su auna, su maimaita, kafin a ce wa mai iyali ya ba da gonarsa.